Toshe Kan Feshi Ɗaya a Ban Ruwan Ciyawar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

A gidan da aka binne wa bututun ban ruwa, inda kawunan feshi ke ɗagowa da kansu su shayar da ciyawa sannan su koma ƙasa, ba a daɗewa sai an buƙaci kashe ɗaya daga cikinsu. Wataƙila an yi rumfar mota a inda da ciyawa ce, ko an shimfiɗa intalok, ko bishiya ta girma ta tare ruwan, ko kuma kan yana jiƙa katanga har fenti ya fara ɓarewa. Aikin ba shi da wuya, amma abu ne da za a binne, kuma yoyon ƙarƙashin ƙasa ba ya nuna kansa da wuri. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Ba zan iya murɗe ɗan sukurun da ke saman kan in kashe shi ba, ba sai na yi tono ba?

Za ka iya, amma na ɗan lokaci ne. Sukurun nan an yi shi ne don rage nisan da ruwa ke kaiwa, kuma ƙa'idarsa kada a rage fiye da kashi 25 cikin ɗari. In ka murɗe shi har ƙarshe feshin zai tsaya, sai dai sandar kan za ta ci gaba da ɗagowa duk lokacin da aka saki ruwa, ruwan kuma ya riƙa tsattsafowa ta gefen bakin da ta robar da ke wuyan sandar. Bayan 'yan makonni za ka tarar da taɓo a gindinsa.

Akwai hanyoyi biyu da suka fi wannan, kuma duk ba sa buƙatar tono sosai. Wasu manyan kawuna masu juyawa, irin su Rain Bird 5000 Plus da Hunter I-20, suna da makashi na gaske a samansu, ana juya shi da sukundireba ko ɗan makullin kamfanin, ruwa ya tsaya cak. Ƙananan kawuna kuwa, irin su Rain Bird 1800 da Hunter Pro-Spray, kamfanoninsu suna sayar da murfi marar huda: ka kwance murfin kan, ka zare sandar da sifirin da rariyar da ke ciki, ka ɗaura wannan murfin a kan gangar jikin da ke cikin ƙasa. Murfin wani kamfani ba lallai ya hau jikin wani ba, don haka ka duba sunan da ke rubuce a saman kan kafin ka je saye. Wannan ita ce hanyar wanda yake ganin wata rana zai mayar da kan bakin aiki.

Idan na yanke shawarar cire shi gaba ɗaya, me zan saya?

Ya danganta da abin da ka tarar a ƙasa, shi ya sa ya fi kyau a tona kafin a tafi kasuwa. Kan feshi yana da tiredi na mace a gindinsa, wato zaren ɗaurewa irin na noti da ke daga ciki (na namiji shi ne wanda ke daga waje), yana zaune ne a kan wani guntun bututu mai tiredi kai biyu da masu gyaran famfo ke kira nipul. Shi kuma nipul ɗin yana shiga cikin ti, wato mahaɗa mai baki uku da ke jikin bututun layi. A wasu gidajen babu nipul, sai ɗan siririn tiyo mai lanƙwasuwa da ya taso daga ti ya ƙare da gwiwa mai tiredi na namiji.

In za ka bar nipul ko gwiwar a wurin, murfi kake buƙata, mai tiredi daga ciki. In za ka cire nipul ɗin ma, to toshi kake buƙata, mai tiredi daga waje, wanda zai shiga cikin ti. Nan ne aka fi yin kuskuren saye, mutum ya dawo da namiji alhali namiji ne a ƙasa.

Batun girma: ƙananan kawuna masu feshi a tsaye kusan duk rabin inci ne. Manyan masu juyawa, irin su Hunter PGP da Rain Bird 5000, kashi uku cikin huɗu na inci ne, wanda a shago ake ce wa tiri-kwata. Ka ɗauki kan da ka cire ka tafi da shi shagon, a gwada a gabanka. Sai kuma farin tef ɗin tiredi, da shebur ƙarami ko cokalin gini, da filaya, da tsumma, da buhu ko leda da za ka zuba ƙasar da ka tono.

Mu dai mun fi son toshi a cikin ti. Yana zama can ƙasa daidai da bututu, inda injin yankan ciyawa da fartanya ba sa kaiwa, kuma mahaɗa ɗaya ce tak za ta iya yoyo maimakon biyu.

Girman ɗaya ne, amma murfin yana cijewa bayan zagaye biyu. Me ya faru?

Mai yiwuwa tiredin ne ba iri ɗaya ba. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka suna zuwa da tiredin NPT, na Ingila da mafi yawan sauran ƙasashe kuma BSP. A rabin inci da tiri-kwata duka biyun suna da zara 14 a kowane inci, shi ya sa suke fara shiga kamar za su dace, amma kusurwar haƙoransu ta bambanta, na NPT digiri 60, na BSP digiri 55. A roba sau da yawa sukan zauna in an ƙara tef, amma in ka ji yana cijewa tun da wuri kada ka sa ƙarfi. A inci ɗaya kuwa ko kusa ba sa dacewa, domin NPT na da zara 11.5, BSP na da 11.

Wani lokacin kuma ba wannan ba ne, yashi ne ya cika tiredin, ko an fara ɗaurawa a karkace. Kwance, wanke da ruwa da tsohon burushin haƙori, ka sake farawa da hannu a hankali.

Yaya ake yin aikin daga farko zuwa ƙarshe?

Fara da kunna layin, wato jerin kawunan da bawul ɗaya ke sakar wa ruwa, ka tabbatar da kan da kake nufi, ka kafa masa tsinke. Daga nan kashe na'urar saita lokaci gaba ɗaya, in kuma injin famfo ne ke ba layin ruwa, kashe shi daga soket, kada wani ya kunna kana tsakiyar aiki.

Yanka ciyawar da shebur a kewayen kan, kamar santimita 15 daga kowane gefe, ka ɗauke ta da ƙasarta a dunƙule ka ajiye a inuwa. Sauran tonon da cokali da hannu za a yi shi, domin bututun layi yawanci bai wuce zurfin santimita 20 zuwa 30 ba, kuma bakin shebur ɗaya ya isa ya tsaga shi. Ka tona har sai ka ga ti ɗin sarai, sannan ka ƙara zurfin ramin kamar faɗin tafin hannu a ƙarƙashinsa. Wannan ƙarin ramin shi ne zai karɓi ruwan da zai kwararo in ka cire kan, don kada ya taru ya koma cikin bututu da laka.

Riƙe nipul da hannu ɗaya ko da filaya, ka juya kan zuwa hagu har ya fita. In toshi za ka sa, kwance nipul ɗin shi ma. Yanzu bakin bututu a buɗe yake, kuma duk ƙasar da ta faɗa ciki za ta tafi ta toshe bakin kan da ke gaba. Saboda haka ana wanke layin kafin a rufe: ɗaura dogon nipul na wucin gadi, wanda ya zarce bakin ramin, ka saki ruwa na daƙiƙa 10 zuwa 15 har ya fito garau, sannan ka kashe. In ka wanke ba tare da dogon nipul ba, ramin zai cika da ruwan laka, da zarar ka kashe kuma bututun ya tsotse shi ya koma da shi ciki.

Kwashe ruwan ramin, goge tiredin, naɗa tef, ɗaura toshin ko murfin. Sannan, ramin yana buɗe, kunna layin na minti biyar. Goge mahaɗar da busasshen tsumma ka zuba ido, ka kuma zagaya yatsa ta ƙarƙashinta inda ido ba ya gani. In ta bushe, mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan kana dannawa da hannu a kewayen bututun, ka cire duwatsu, ka mayar da ciyawar, ka taka ta da ƙafa, ka ba ta ruwa.

Wanda yake Amurka ya tuna ana kiran lamba 811 kafin tono, don a zo a nuna inda wayoyi da bututun gas suka bi. A ko'ina ma, in ka san an binne wayar fitilun tsakar gida ko ta ƙofar shiga a wajen, yi tonon da hannu.

Tef nawa zan naɗa, kuma yaya zan ɗaure?

Zagaye uku ya isa, huɗu in tiredin ya ɗan saki. A jikin namijin ake naɗawa. Ka fuskanto bakinsa gare ka, ka naɗa ta yadda hannun agogo ke tafiya, don in kana ɗaurawa tef ɗin ya ƙara kamawa maimakon ya warware. Bar zaren farko tsirara, saboda guntun tef da ya leƙa cikin bututu yakan tsinke ya je ya maƙale a rariyar wani kan.

Ɗaurewa kuwa, da hannu har ya tsaya, sannan zagaye ɗaya da filaya, in ya yi yawa biyu. Tiredin bututu tsukakke ne, yana ƙara kauri yayin da yake shiga, don haka duk ƙarin juyi buɗa macen yake yi kamar an buga mata weji. Ti na roba da aka matsa wa ba lallai ya fashe a ranar ba. Yakan yi siririn tsagu da ba a gani, sai bayan wata ɗaya ko biyu ya buɗe. Tef mai yawa ma haka yake yi. Kada kuma a shafa gam ko giris ko fenti a tiredin roba, kuma in da hali kada a ɗaura toshin ƙarfe a cikin ti na roba.

Nipul ɗin ya karye, guntunsa ya rage a cikin ti. Sai na yanke bututun?

A'a. Akwai ɗan ƙarfe mai haƙora da hannu kamar harafin T da aka yi domin wannan, ana cusa shi cikin guntun a danna a juya hagu. In babu shi, sa ruwan zarton ƙarfe a ciki ka yi yanka biyu a hankali, ka tsaya kafin ka taɓa tiredin ti ɗin, sannan ka ɓamɓaro guntayen da siririn sukundireba. Bayan haka wanke layin dole ne, domin garin robar duk yana ciki.

Za a zuba kankare a wurin. Toshi mai tiredi ya isa?

Bai isa ba. Duk abin da ba za ka iya sake tonowa ba, kada ka bar masa tiredi. In kan yana tsakiyar layi kuma bututun dole ya wuce ta ƙarƙashin daɓen, yanke ti ɗin ka fitar da shi, ka haɗa wurin da miƙaƙƙen bututu. Mafi kyau ma a zura bututun cikin wani babba wanda ya ninka shi faɗi, don in ya lalace a zare shi ba tare da fasa daɓe ba. In kuma babu wani kan a gaba, yanke bututun tun kafin ya shiga ƙarƙashin kankaren ka rufe shi a can.

Yadda za a rufe ya danganta da irin bututun. Na PVC, fari ko ruwan toka, murfi marar tiredi ake sa masa da gam: yanka shi daidai ba a karkace ba, kankare gefen, busar da shi sarai, shafa gam a jikin bututun da cikin murfin, tura har ƙarshe kana ɗan juyawa kwata, ka riƙe daƙiƙa 30 don kada ya turo kansa waje. Ba shi aƙalla awa biyu kafin ka saki ruwa, ko abin da aka rubuta a jikin gwangwanin in ya fi haka. Jiƙaƙƙen bututu shi ne babban abin da ke sa gam ya ƙi kamawa, kuma ruwa yakan ci gaba da ɗigowa daga layin na tsawon lokaci, sai an yi haƙuri.

Baƙin bututun roba mai zuwa a naɗe, mai milimita 20 ko 25 ko 32, gam ba ya kama shi ko kaɗan. Shi murfi mai matsewa ake sa masa, wanda ke da zoben roba a ciki da goro da ake ɗaurewa, ko toshi mai ƙaya da ake cusawa a ɗaure da kilif. Bututun PPR kuwa, kore ko fari, narka shi ake yi da injin zafi a kan digiri 260, wannan aikin mai gyaran famfo ne.

Mai aikinmu ya ce a ɗumama bakin bututun da wuta a naɗe, ko a cusa itace a ɗaure da robar taya. Zai yi?

Ba zai daɗe ba. PVC da ya sha wuta yakan yi gautsi ya tsage daga wurin naɗin. Itace yana ruɓewa, gara ma tana cinsa, robar taya kuma ba ta riƙe ruwa mai ƙarfin ba 2 ko 3 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin ƙarfin matsin ruwa). Murfin gaske yana cikin mafi arahar kayan da ke shagon famfo.

Kan da zan toshe shi ne na ƙarshe a layin. Akwai bambanci?

Akwai, kuma ya danganta da inda kake. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, kamar Kanada da arewacin Amurka, kafin sanyi ana hura iska da kwamfaresa a fitar da ruwan bututu ta bakin kawuna. Reshen da aka toshe ƙarshensa ba shi da mafita, ruwa zai kwana a ciki, ya zama ƙanƙara, ya fasa bututun. A can sai dai a koma baya a yanke layin dab da kan ƙarshe mai aiki, ko a sa bawul mai tsiyayar da ruwa da kansa a madadin toshi.

A Kano ko Abuja ko Yamai wannan ba damuwa ba ce. Damuwar ita ce yashi. Ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da ɗan rairayi, kuma ƙarshen layi nan ne matattararsa. In reshen gajere ne, mita ɗaya ko biyu, toshe shi ka manta. In dogo ne, ko dai ka yanke shi daga baya, ko ka sa murfi mai tiredi a cikin ɗan akwatin bawul mai marfi, ya zama wurin da za ka riƙa buɗewa kana wanke layin sau ɗaya ko biyu a shekara.

Me zai faru da sauran kawunan da ke layin?

Ƙarfin ruwansu zai ƙaru, domin ruwan da wancan yake sha ya koma kansu. Ɗauki bakin feshi mai kai mita 4.5: mai cikakken zagaye yana shan kimanin lita 14 a minti, mai rabin zagaye lita 7, na kusurwa lita 3.5. Layi mai kawuna shida na rabin zagaye yana jan lita 42 a minti. Cire ɗaya ya koma 35, wannan ba wani abu ba ne. Cire uku ya koma 21, a nan za ka ga canji.

Ƙananan kawuna sun fi yin aiki a kan ba 2.1, masu juyawa kuma wajen ba 3. In ƙarfin ya wuce kima, ruwan ba ya fita ɗigo-ɗigo, sai ya zama hazo mai laushi yana tashi sama, ka ji kan yana huci. Da iskar hunturu, wannan hazon a kan katanga da gilashin mota yake ƙarewa, ciyawa ba ta samu ba. Maganinsa a rage daga bawul ɗin layin: yawancinsu suna da ɗan hannu a tsakiyar samansu, juya shi dama kaɗan-kaɗan layin yana aiki har hazon ya ɓace. In bawul ɗin ba shi da hannu, a canza jikin kawunan zuwa masu daidaita ƙarfi da kansu.

Wanda injin famfo ke tura masa ruwa kai tsaye ya ƙara lura da injin. In mai tankin matsi ne da makunni mai aiki da ƙarfin ruwa, raguwar abin da layi ke sha yakan sa ya riƙa tashi yana mutuwa a kai a kai, wannan kuma yana cin kafasita da kwayil ɗin injin. In ka ji haka bayan toshewa, haɗa ƙaramin layin da wani su riƙa aiki tare.

Kawunana ba sa ɗagowa sosai. In na toshe biyu, sauran za su gyaru?

In layin ne aka cika wa kawuna fiye da ƙarfinsa, za su gyaru. Gwada kafin ka tona: murɗe sukurun kawuna biyun, ka ga yadda sauran suka yi. Amma in daga tankin sama ruwan ke gangarowa ba tare da inji ba, ko ka toshe duka ka bar ɗaya ba zai yi ba. Kowace mita 10 ta tsayi ba 1 take bayarwa, don haka tankin da ke kan ƙarfe mai mita 6 bai wuce ba 0.6 ba, ƙasa da sulusin abin da kan ke buƙata. Wannan injin ƙara ƙarfi yake so. Ka kuma duba rariyar da ke ƙarƙashin kowane baki, sau da yawa ita ce ta cika da yashi.

Ciyawar wurin ba za ta bushe ba?

In har akwai sauran ciyawa a wurin, mai yiwuwa ta bushe. Ana jera kawuna ne ta yadda ruwan kowanne zai kai gindin maƙwabcinsa, domin kan feshi ba ya shayar da gindinsa da kyau, na kusa da shi ne ke shayar masa. Cire ɗaya yakan bar tabo, kuma ba za ka gan shi da damina ba, sai zafin Maris da Afrilu ya zo. Don ka sani tun yanzu, jera gwangwanaye iri ɗaya guda biyar ko shida a wurin da kewayensa, kunna layin minti 15, ka gwada ruwan da kowanne ya tara. In na tsakiyar bai kai rabin sauran ba, sa wa maƙwabtan baki mai nisa, ko ka buɗa kusurwarsu. In kuma laifin kan kawai jiƙa katanga ne, canza masa baki zuwa rabin zagaye ko kusurwa ya fi toshe shi.

Wani kan yana ta zubar da ruwa bayan an kashe layi. In toshe shi?

Kada ka toshe, ba laifinsa ba ne. In zubar tana tsayawa bayan 'yan mintoci, shi ne mafi gangare a layin, ruwan da ya rage a bututu ne ke fita ta nan. Ka toshe shi, na biye da shi a gangare ya gaji aikin. Maganin shi ne kan mai bawul a gindinsa, wanda ke riƙe ruwan gangaren mita 3 zuwa 4. In kuwa zubar ba ta tsayawa dare da rana, bawul ɗin layin ne ba ya rufewa, ko tsakuwa ta maƙale a ƙarƙashin robarsa ko robar ta yage. Buɗe shi za a yi a wanke ko a canza robar.

Duk layin nake so in kashe, ba kai ɗaya ba.

To ba sai ka tona ko ɗaya ba. Mayar da lokacin layin sifili a na'urar, sannan ka murɗe hannun bawul ɗinsa har ƙarshe. In na dindindin ne, cire wayar layin daga na'urar ka naɗe bakinta, ka yanke bututun kafin bawul ɗin ka rufe da gam. Ka tuna wannan ɓangaren kullum cikin matsin ruwa yake, sai an rufe babban bawul tukuna.

Zan iya mayar da wurin ban ruwan ɗigo don furanni maimakon in toshe?

Za ka iya, kuma nan ne toshewa ta fi amfani. Ana zaɓar kai ɗaya a sa masa mahaɗar ɗigo mai rariya da mai rage ƙarfi zuwa wajen ba 2, sannan a toshe duk sauran kawunan layin. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar feshi da ɗigo a layi ɗaya. Feshi yana gama aikinsa cikin minti 10 zuwa 15, ɗigo kuwa da ke ba da lita 2 ko 4 a awa yana son awa guda ko fiye, don haka ko furanni su yi ƙishirwa ko ciyawa ta nutse.

Na toshe, amma har yanzu wurin a jiƙe yake.

Duba lokacin da yake jiƙewa. Bututun da ke bayan bawul ba ya ɗaukar matsi sai layin na aiki, don haka in jiƙewar tana biyo bayan ban ruwa ne, sake tonowa ka kunna ka kalla. Ruwa daga tiredi, kwance ka sake tef. Siririn ruwa mai fita daga jikin ti, ya tsage, sai an yanke shi an sa sabo. In wurin a jiƙe yake ko an kwana biyu ba a kunna ba, koma kan bawul, ko babban bututun da ya bi ta kusa.

Yaya zan gane wurin in na buƙace shi nan gaba?

Kafin ka mayar da ƙasa, auna nisansa daga abubuwa biyu da ba sa motsi, kamar kusurwar gini da ginshiƙin ƙofa, ka rubuta a takarda ka manna a cikin marfin na'urar saita lokaci. Ɗauki hoto ramin yana buɗe da tef ɗin awo a shimfiɗe. Wasu kan ɗora guntun tayil ko bulo kamar santimita 5 a saman toshin, ta yadda duk mai tono zai fara cin karo da shi kafin ya kai ga bututu. Ciyawar da aka mayar kuwa, a riƙa ba ta ruwa da bokiti kullum na mako ɗaya zuwa biyu har saiwarta ta kama, tunda kan da ke shayar da ita ya tafi.